Abin da Gara Ta Rage

Ranar da Baba Manu ya miƙo mini makullin sito,
sai da ya goga shi a gefen riga.
Ya ce, "Koci, kwaɗon nan shekara tara bai ji motsi ba.
In ka tarar da maciji, ba ni na ajiye shi ba."

Ban tarar da maciji ba. Gara na tarar.
Cikin sanduna ashirin da biyu ta bar mana huɗu.
Ɗaya ma ta cinye cikinta, ta bar fenti a tsaye,
kamar magidancin da bashi ya ƙwaƙule
yana ta gaisawa da mutane a bakin hanya.
Can bisa kanta ga kofin da muka ɗauko daga Bauci
shekarar da nake goye da lamba bakwai.
Zanzaro ya yi gini a cikinsa.

Filin kuwa maigadi ya shuka wake.
Ban ga laifinsa ba, ƙasa ba ta son zaman banza.
Muka shirya a gindin darbejiya:
ya rore nasa, ni in ja layina.
Turken raga ɗaya na samo shi a bayan gidan wani malami,
tunkiya ɗaure a jikinsa.

Na manna takarda a allon kwaleji,
ana neman 'yan ƙwallon gora.
Da safe wani ya ƙara a ƙasa da jan biro:
"Goran nono ko na ruwa?"

Mutum shida suka zo.
Kawuwa, da 'yan ƙwallon ƙafa suka kora don gajarta.
Lamela ɗan Kaltungo, da ya ji an ce akwai alawus.
Gidado, da ya riƙe sanda tun kafin a yaye shi,
wata guda ina hana shi ɗora ta a kafaɗa
kamar mai jiran shanu su gama shan ruwa.
Babayo rakiya ya yo.
Na dubi faɗinsa, na dubi bakin raga,
muka yanka tsohuwar katifa muka ɗaura masa a ƙwauri.

Ofishin kuɗi na je har sakatariya ta san ƙarar takalmina.
"Babu a kasafi. Ka dawo wani zangon."
Sai na ɗauki sanda ɗaya zuwa kasuwar Kumo,
Hammayo kafinta ya juya ta, ya shinshina,
ya sassaƙo mana takwas daga icen ƙirya.
Nauyi kamar taɓarya.
Rabin albashina ya tafi nan, matata ba ta sani ba,
ko ta sani ta yi shiru.

Da wake ya tashi muka zuba toka muka ja layi.
Ƙwallo ta ƙi tafiya miƙe, kunya-kunyan gona na karkatar da ita.
Yaran suka koyi bin ta a karkace.

Wasan farko a Gombe,
mu goma sha ɗaya har da ɗan direba.
Tara da nema.
Babayo ya fito da katifarsa a hannu, soso na zuba.
A mota ba wanda ya yi tari.
Na zauna gaba ina ƙirga fitilun hanya,
ina shirya kalmomin da zan mayar da makulli da su.

Mun kusa shiga gari,
Lamela, wanda har yau bai ga alawus ba,
ya taɓo ni ta baya.
"Koci, gobe ƙarfe nawa?"

Na ce biyar da rabi.

Da na iso da asuba, duhu bai gama tashi ba,
na hango Baba Manu tsugune a ƙofar sito
da gashin kaza da ɗan man gyaɗa a murfin kwalba,
yana ɗiga wa kwaɗo.